Bulalar da Ke Dukan Riba: Abin da Bincike Ya Gano Kan Tafiyar Kaya Daga Masana'anta Zuwa Shago

Jariri bai san azumi ba, bai san sallah ba, bai san ƙarshen wata ba. Yawan ƙunzugun da ya ɓata yau, kusan shi zai ɓata gobe. Shi ya sa abin ya ɗaure wa jami'an kamfanin Procter & Gamble na Amurka kai, wato masu yin Pampers, ranar da suka baje takardun oda a gabansu a shekarun 1990. A kantuna ciniki yana tafiya salin-alin, ɗan hawa kaɗan, ɗan sauka kaɗan. Amma odar da manyan diloli ke aiko wa kamfanin, wannan makon ta yi sama, mako mai zuwa ta faɗi warwas. Da suka waiwayi odar da su kansu suke aika wa masu kawo musu kayan haɗi, irin su kamfanin 3M, ashe tasu ta fi ta kowa hauka.

Suka raɗa wa abin suna bulala. Wanda ya taɓa ganin dogari ya kaɗa bulala ranar hawan sallah ya san dalili: wuyan hannu kawai yake motsawa, amma kafin motsin ya kai bakin bulalar ya zama tsawa. Mai saye shi ne wuyan hannun, masana'anta da masu kawo mata kaya kuwa su ke can baki suna shan wujijjiga.

Mu sauko da maganar ƙasa. A ce mai tireda yana sayar da katan 10 na taliya a mako. Aka yi biki a unguwa, ya sayar da 13. Bai san ko biki ne ko kasuwa ce ta buɗe ba, don haka da ya je sari sai ya ce a ba shi 16, wato 13 na mako mai zuwa da 3 na cike gurbi. Ɗan sarin da ke Kasuwar Singa bai ga biki ba, bai ga 13 ba, 16 ya gani. Ya yi nasa lissafin, ya ƙara da na "ko da wani abu", ya nemi 22 wajen dila. Dila kuma ba ya ɗauko kaya sai mota ta cika, tunda kuɗin mota ɗaya ne, ko rabi ko maƙil. Kafin labari ya isa masana'anta, katan 3 na biki sun zama hujjar ɗaukar ma'aikatan dare. Bayan wata guda amarya ta tare, unguwa ta koma cin katan 10, sito ya cika a kowane mataki, ba mai yin oda. Masana'anta ta ga oda ta ɗauke ɗif, ta ce kasuwa ta mutu, ta sallami mutane.

A shekarar 1997 masana uku na Jami'ar Stanford, Hau Lee da V. Padmanabhan da Seungjin Whang, suka wallafa binciken da ya fito da wannan cuta fili. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne ba su ɗora laifin a kan wauta ba. Kowa a layin abin da hankali ya ba shi yake yi. Dalilai biyu mun gan su a labarin taliya: kowa yana ƙiyasta kasuwa da odar na kusa da shi maimakon cinikin mai saye na ƙarshe, sannan ana tara oda sai ta cika mota. Na uku garaɓasa ce. Idan kamfani ya karya farashi na mako biyu, dila zai jibge kayan wata uku, sannan ya ɓace wata uku. Na huɗu kuwa duk wanda ya taɓa neman taki ko siminti a lokacin ƙaranci ya san shi: in ka san rabin abin da ka nema za a ba ka, sai ka nemi ninki biyu. Ranar da kaya suka wadata, kowa ya soke odarsa. Kamfanin Cisco mai yin na'urorin intanet ya faɗa wannan rami a 2001, inda ya shafe kayan kusan dala biliyan 2.2 daga littafinsa a matsayin asara, kayan da ya tara don odar da yawancinta iska ce.

Wannan fanni shi ake kira kula da sarƙar kaya, wato lura da duk hannuwan da haja ke bi daga ɗanyen kaya har ta shiga jakar mai saye, tare da kuɗi da labarin da ke komawa baya. Sunan ya bazu ne daga 1982, ta bakin wani mai ba kamfanoni shawara, Keith Oliver, a hirarsa da jaridar Financial Times. Amma tunanin ya girmi sunan. Tun 1958 Jay Forrester na jami'ar MIT ya rubuta a kai, bayan manajojin General Electric sun kawo masa kukan cewa masana'antunsu na kayan lantarkin gida a jihar Kentucky, yau aiki dare da rana, gobe sallamar ma'aikata. Da fensir da takarda ya nuna musu cewa ko da kasuwa ba ta motsa ba, yadda suke yanke shawara da jinkirin isowar labari sun isa su haifar da wannan kai-komo.

A MIT ɗin aka ƙirƙiro wani wasa da har yau ake koyar da ɗalibai da shi. Mutum huɗu ne: mai kanti, ɗan sari, dila, masana'anta. Hajar wasan giya ce, amma da lemo aka sa ma haka za ta kasance. An hana su magana da juna, sai miƙa takardar oda. Mai saye yana ɗaukar katan 4 a mako, sai ya koma 8, ya tsaya nan har a tashi. Sau ɗaya tak ya sauya. Amma kusan duk lokacin da aka buga, da ɗalibai ne ko da manyan manajoji, sai a wayi gari da ƙaranci, a ƙare da kwantai. In aka tambayi 'yan wasan me ya faru, sai su rantse mai saye ne ya haukace.

To, gyaran wannan yana kawo riba kuwa, ko dai surutun masu kwat ne? Nan bincike ya rabu gida-gida, kuma ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba.

Wanda aka fi ambato shi ne na Suhong Li da abokan aikinta, da ya fito a 2006. Sun tattara amsoshi daga kamfanoni 196 a Amurka, suka auna halaye biyar: ƙulla doguwar alaƙa da masu kawo kaya, riƙe abokan ciniki da sauraron kokensu, yawan labarin da ake musaya, ingancin labarin, da kuma jinkirta siffar ƙarshe ta kaya har sai an ji abin da kasuwa ke so. Wannan na ƙarshen yana da daɗin misali. Kamfanin tufafi na Benetton a Italiya ya juya tsarin da aka gada: maimakon a rina zare sannan a saƙa rigar sanyi, sai ya riƙa saƙa ta ba launi, ya ajiye, sai kantuna sun nuna launin da ke tafiya bana sannan a tsoma ta a marina. Rigar da ba a rina ba ba ta yin kwantai saboda an daina yayin kore. Sakamakon binciken dai shi ne, kamfanonin da suka fi riƙo da waɗannan halaye sun fi abokan gogayyarsu a farashi da inganci da cika alkawari, sun kuma fi su kasuwa da riba.

Tun daga nan aka yi ta maimaita irinsa a ƙasashe daban-daban, har ya zama abincin masu neman digiri na biyu: a raba takardar tambayoyi, a tattara, a zuba a kwamfuta, a sami "kyakkyawar alaƙa". Ni dai ina karanta su da taka-tsantsan. Sau da yawa manaja ɗaya ne ake tambaya ya ba kansa maki daga 1 zuwa 5 kan yadda yake hulɗa da masu kawo masa kaya, shi ne kuma zai ba kansa maki kan ribarsa. Yabon kai jahilci, in ji Hausawa, amma a nan shi ne ma'auni. Ko da ya faɗi gaskiya ma, da sauran magana: kyakkyawan tsari ne ya kawo riba, ko riba ce ta ba shi sukunin gyara tsari? Takardar tambayoyi ba ta iya raba wannan gardama.

Shaidar da ta fi ƙarfi daga wajen da abu ya lalace ta fito. Kevin Hendricks da Vinod Singhal ba su tambayi kowa ra'ayinsa ba. Sun bi jaridun kasuwanci suka tsamo sanarwa 519, daga 1989 zuwa 2000, inda kamfani ya fito ya ce an sami tangarɗa wajen yin kaya ko isar da su, sannan suka duba abin da ya sami hannun jarinsa. A matsakaici, darajarsa ta faɗi da kusan kashi 10 cikin 100 a kwanakin sanarwar. Da suka faɗaɗa zuwa sanarwa 827 a wani aikin na 2005, suka bi kamfanonin tsawon shekara uku, sai suka ga sun kasa takwarorinsu da kashi 33 zuwa 40 cikin 100, kuma ba sa farfaɗowa da wuri. Masu zuba jari ba ruwansu da ko laifinka ne ko na wanda ke kawo maka kaya. Kai za su hukunta.

Ranar 17 ga Maris, 2000, tsawa ta jawo gobara a masana'antar Philips da ke Albuquerque a Amurka, inda ake yin 'yan mitsi-mitsin sassan lantarki na wayar salula. Cikin kamar minti goma aka kashe wutar. Sai dai irin wannan wuri ko ƙura ba ya so, balle hayaƙi da ruwa. Philips ya kira manyan abokan cinikinsa biyu, Nokia da Ericsson, ya ce jinkirin kamar mako guda ne. Saƙo ɗaya, kunne biyu. A Nokia labarin ya haura sama nan take, aka sa ido a kan sassan, ana bugo waya kullum. Da suka gane abin na watanni ne, suka matsa wa Philips ya ba su gurbi a sauran masana'antunsa, suka sauya fasalin wasu sassan don wasu kamfanoni su iya yi musu. A Ericsson labarin ya yi makonni a ƙasa bai isa kunnen manya ba, ga shi sun riga sun rage masu kawo musu kayan don tsimi. Da suka farka, Nokia ta kwashe duk abin da ke kasuwa. An ƙiyasta cinikin da ya kuɓuce wa Ericsson da aƙalla dala miliyan 400. Ba gobarar kaɗai ce matsalarsu ba, amma a 2001 sashen wayoyinsu ya koma haɗaka da Sony.

Akwai wata gobarar da ta fi wannan koyarwa. Toyota ita ce uwar tsarin nan na kada a tara kaya, a kawo kowane sashe daidai lokacin da za a ɗaura shi, tsarin da Taiichi Ohno ya gina bayan yaƙin duniya na biyu. Ranar Asabar 1 ga Fabrairu, 1997, masana'antar Aisin da ke garin Kariya a Japan ta ƙone. Ita ke yin kusan dukkan wani ɗan bawul na birki da motocin Toyota ke buƙata, abin da kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ba, amma in babu shi mota ba ta fita. Abin da Toyota ke da shi a hannu bai wuce na 'yan kwanaki ba. Layukan haɗa mota suka tsaya, masu sharhi suka ce sai an yi makonni. Aisin ta aika zanen bawul ɗin ga duk wanda ya ce zai gwada. Kamfanoni sama da 60 suka shiga yin sa, har da Brother mai yin keken ɗinki, wanda ya ɓata ɗaruruwan awoyi yana gyara inji don ya fitar da guda 40 kacal a rana. Ba wanda ya tsaya cinikin nawa za a biya shi kafin ya fara. Cikin kamar kwana biyar motoci suka fara fitowa. Toshihiro Nishiguchi da Alexandre Beaudet, da suka bi diddigin lamarin, sun danganta shi da shekarun da Toyota ta yi tana koyar da masu kawo mata kaya, tana riƙe su ko kasuwa ta yi tsami.

Wasu sun ɗauki rabin darasin, wato rage kaya a sito, suka bar rabin da ya fi wuya. Alƙaluma ba su goyi bayansu ba. Wani bincike na Hong Chen da Murray Frank da Owen Wu kan masana'antun Amurka ya nuna cewa daga 1981 zuwa 2000 kwanakin da kaya ke yi a ajiye sun ragu daga 96 zuwa 81. Kamfanonin da suka jibge kaya fiye da ƙima hannun jarinsu ya sha kashi, wannan ba mamaki. Amma waɗanda suka fi kowa ƙarancin kaya ba su ne suka yi zarra ba. Waɗanda suka ɗan gaza matsakaici kaɗan su ne suka fi samu. Ita kanta Toyota, bayan girgizar ƙasar Maris 2011 ta wahalar da ita watanni, ta nemi masu kawo mata sassan lantarki su riƙa ajiye na wata biyu zuwa shida. Wannan ya ba ta numfashi a farkon ƙarancin waɗannan sassa na 2021, kodayake daga baya ita ma ta rage aiki.

Gardamar nan ta wa ya haifi wa, tsari ko riba, an gwada raba ta a Indiya. Nicholas Bloom da David McKenzie da abokan aikinsu suka je masaƙu a kewayen Mumbai, suka jefa ƙuri'a: wasu aka tura musu ƙwararru kyauta na tsawon watanni, wasu aka bar su don kwatance. Abin da ƙwararrun suka tarar ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa leƙa sito: zare jibge ba lakabi, wani ya sha danshi, wani an manta da shi, ana sayo sabo alhali irinsa na nan a lungu. Maganin ma ba na'ura ba ce. A ƙirga, a liƙa suna, a rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, a duba aibin yadi kullum. A shekarar farko yawan abin da masaƙun ke fitarwa da ma'aikata da injinan da suke da su ya ƙaru da kashi 17 cikin 100, zaren da ke kwance ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da aka binciki me ya hana masu masaƙun yin haka tun da, sai aka ga wasu abubuwan ba su taɓa jin su ba, wasu kuma sun ji amma ba su yarda za su biya kuɗin sabulu ba. McKenzie ɗin da Christopher Woodruff sun kuma duba ƙananan sana'o'i sama da 20,000 a ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Ghana, suka ga masu rubuta ciniki da lura da haja sun fi samu, sun kuma fi daɗewa a kasuwa.

Mu nan kusa, shaida mafi tsabta daga Nijar ta zo. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi a shekarun 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ɗin wayar salula ke shiga gari bayan gari. Da can ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je ya ji farashin gero, ko ya dogara da labarin direba wanda ya kwana biyu a hanya. Da waya ta zo, tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma abin ya fi tasiri tsakanin kasuwannin da suka yi nisa da juna ko hanyarsu ba ta da kyau. Ba sabuwar kwalta ce ta kawo wannan ba, ba kuma ƙarin mota ba. Buhu ne kawai ya daina zuwa inda ba a nemansa.

Sai dai farashin kasuwa labari ne na kowa. Labarin cikin shago, nawa ka sayar, nawa ya rage maka, wannan sirri ne, kuma nan gizo ke saƙar. Kamfanin taliya na Barilla a Italiya ya ce wa dilolinsa a ƙarshen shekarun 1980 su riƙa ba shi alƙaluman sitonsu kullum, shi zai yanke abin da za a kawo musu. A takarda kowa zai ci riba. Diloli suka ƙi, don suna ganin wanda ya san cikinka ya san inda zai matse ka. 'Yan sashen tallan kamfanin ma suka yi ta zagon ƙasa, don kamashonsu daga jibga wa dila kaya yake fitowa. Sai da aka fara gwadawa a rumbunan kamfanin na kansa, aka ga amfanin da ido, sannan wasu suka sakko.

Fataken Hausa sun daɗe da sanin wannan ƙulli, sun kuma yi masa nasu maganin. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda shanu ke gangarowa kudu, goro na haurawa arewa, ba banki ba takardar yarjejeniya. Maigida ne ginshiƙi. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, dillalansa su nemo mai saye, kuma shi ya san wane mahauci ne ke biyan bashi, wane ne ba ya biya. In mahauci ya gudu, maigida ne a ciki. Abin da littattafan yau ke kira doguwar alaƙa da ingancin labari, a can mutum ɗaya ne mai zaure da suna da yake tsoron ɓatawa. Iyakarsa dai, tsarin ba ya wuce inda sanayya ta tsaya.

Inda ta tsaya kuwa ana gani a Kadawa, jihar Kano. A watan Maris na 2016 aka buɗe masana'antar tumatirin gwangwani ta Ɗangote, mai iya cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana, a tsakiyar ƙasar noman rani. Ba a yi nisa ba ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki, injina suka tsaya. Bayan ƙwaro ya lafa sai batun farashi ya taso: in kasuwa ta yi tsada manomi ya fi son ya loda wa motar Legas, in ta karye ne yake tuna masana'anta. Sai 2019 aka sake tayar da ita, nan ma ba ta samu cikinta ba. Ba nisa da wurin, a Kwanar Gafan, idan kaka ta yi kaka za ka ga kwanduna jere a bakin titin Zariya suna jiran mai taya, mata da yara na yanka wanda ya fara laushi suna shanyawa a ƙasa. Wata huɗu bayan nan, da damina ta sauka, uwargida a cikin birnin Kano tana ƙirga tumatir ɗai-ɗai a faranti, ko ta aika yaro shago ya sayo na leda.